Ku Tambaya Mu Amsa: Taunar Taura Biyu, Aiki da Gida

Wasiƙun da suka zo mana wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya: ga neman abinci, ga hidimar iyali, kuma yinin bai ƙaru ba. Mun zaɓi shida, mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa. Watana biyu da haihuwa, an ce in koma aiki ƙarshen wata mai zuwa, alhali maƙwabciyata mai aikin gwamnatin jiha wata shida ta yi a gida. Cutata ake yi? Kuma yaya zan yi da shayarwa? Uwar mijina ta ce a fara ba yaron ruwa da madarar gwangwani tun yanzu don ya saba. — Mai jego, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya. Ba cutarki ake yi ba, 'yar'uwa, dokar da ta hau kanki ce ta bambanta da tata. Wata shidan nan tsari ne da gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa ma'aikatanta tun 2019. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya mako 16 take samu da cikakken albashi. Ta kamfani kuwa, sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba ta mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin kafin ta tafi hutun. Masu karanta mu a Nijar, ku naku mako 14 ne. Sai dai ki ɗauko takardar ɗaukarki aiki ki karanta, domin dokar ta fi magana a kan masu aikin ƙarfi da akawu. Manyan ma'aikata da ƙwararru abin da aka rubuta a takardarsu ne ke aiki, kuma wasu kamfanonin suna ba da fiye da abin da doka ta ce.

Akwai haƙƙi ɗaya da mata da yawa ke bari ya bi ruwa. Wannan sashen ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. In gida da nisa, rabin awa ba ta kai ki ko'ina, don haka ki rubuta takarda ki nemi a haɗe miki su awa ɗaya, ki riƙa tashi da wuri. Ki rubuta, kada ki tsaya a maganar baki, saboda wanda ya amince yau ana iya canza masa wurin aiki gobe. In kina da hutun shekara da ba ki ci ba, ki nemi a jona miki da na haihuwar.

Batun shayarwa kuwa, saura mako biyu ki koma za ki fara koyon tatsa, ba daren komawa ba. Da safe bayan yaro ya sha, lokacin nono ya fi yawa. Ki wanke hannu da sabulu, ki tanadi kofi mai murfi da aka tafasa. Babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, a bakin baƙin da ya kewaye kan nono. Ki danna ciki wajen ƙirji, ki matse, ki saki, ki riƙa zagayawa. Ba a jan kan nono, ciwo yake sa wa kuma ba ya kawo ruwa. Minti 20 zuwa 30 kina sauya ɓangare. Kwanakin farko cokali biyu za ki gani, kada ki karaya.

Yaro mai wata uku yana buƙatar kamar mililita 30 a kowace awa da ba kya nan. Awa takwas ke nan 240 zuwa 300. Kada ki zuba duka a mazubi ɗaya. Ki raba kofi uku ko huɗu, kowanne mililita 60 zuwa 120, wato babban cokali huɗu zuwa takwas, domin abin da yaro ya sa wa baki ya rage ba ya wuce awa biyu sai zubarwa. A ɗaki mai sanyi nonon yana kai awa huɗu. Amma wannan lissafi na ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba ne, kuma kin san bazararmu. A Afrilu da Mayu kada a bar shi a fili, a sa a kula da ƙanƙara, inda zai iya kwana guda in ƙanƙarar ba ta narke ba. A firjin da wutarsa ba ta yankewa, kwana huɗu. In ya zauna zai rabu biyu, maiƙo a sama, ruwa a ƙasa. Ba lalacewa ya yi ba, a juya kofin a hankali ya haɗe. Ba a ɗora shi a wuta. Kofin ake tsomawa a kwanon ruwan ɗumi. Ƙaramin kofi ya fi fida, don kan fida wuyar wankewa gare shi kuma nan gudawa take fara shiga.

A wurin aiki ki tatsa duk awa uku. Wadda ta yini ba ta tatsa ba nono zai cika ya yi tauri, bayan kwanaki kuma ruwan ya ja baya, domin jiki gwargwadon abin da aka cire yake mayarwa. In wani gefe ya yi ja, ga zafi ga zazzaɓi, asibiti za ki, kuma kada ki daina ba yaron.

Su Hajiya kuma, tausayin jikansu ne ya sa su faɗi haka. Nono fiye da kashi 80 cikin ɗari ruwa ne, yaro ba ya buƙatar wani ruwa kafin wata shida ko da ana zafi. Amma kada ke ki zama mai yi wa surukarki lacca. Ki roƙe ta ta raka ki ranar rigakafi, ta ji daga bakin malamar asibiti. Ita ce za ta riƙe yaron in kin fita, in ba ta gamsu ba ruwan za ta ba shi kina juya baya.

Tambaya: Ni malamar firamare ce, 'ya'yana huɗu. Ƙarfe huɗu da rabi nake tashi amma kullum a makare nake isa. In na dawo biyu da rabi ga girkin rana, ga shirin islamiyya, ga maigida ba ya cin tuwon da ba a ranar aka tuƙa ba. Firiza gare ni amma wuta sai ta ga dama. — Malama, Zariya

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Kada ki ƙara rage barci, ba can matsalar take ba. Ki sa agogo a gabanki tsawon kwana uku ki ga abin da ke cin lokacin. Yawanci ba dahuwar ba ce. Gyaran kayan miya ne, da aiken yaro inji yana daɗewa, da tsintar wake, da fifita gawayi, da neman safa ɗaya da ta ɓata ƙarfe bakwai saura kwata.

Mu fara da tuwon maigida, tunda shi ya fi tsaya miki a rai. In da tafasasshen ruwa, talge da tuƙi da sulala ba su wuce rabin awa. Miya ce mai cin lokaci. To a ba shi tuwonsa sabo, miyar ce za a yi wa dabara. Ranar Asabar a yi markaɗen mako gaba ɗaya, tumatir, tattasai, attaruhu da albasa. A tafasa har ruwan ya tsotse ya koma kauri, sannan a soya da mai har mai ya taso sama. Ruwan da ke ciki shi ke sa tsami, shi ya sa ɗanyen markaɗe ba ya kwana biyu lafiya. A raba a ƙananan robobi, kowace ta girki ɗaya. Kuskuren da ake yi shi ne babbar roba guda: a fito da ita ta narke, a ɗiba, a mayar, ranar Laraba ta fara kumfa.

Firiza kuma tana da lissafinta. Wadda take cike maƙil, in ba a buɗe ba, tana riƙe sanyi kusan kwana biyu bayan ɗauke wuta. Wadda take rabi, kwana ɗaya. Firji kuwa awa huɗu kacal. Don haka duk gurbin da ya rage ki cike shi da robobin ruwa su daskare, kuma a hana yara buɗewa neman ruwan sanyi, a ajiye musu nasu a randa ko kula. In wutar unguwarku ba ta kai wannan ba, ki koma wa abin da iyayenmu suka dogara da shi: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, kauɗa, daddawa dakakkiya, bandar kifi, soyayyen nama da ya bushe sosai. Miyar kuka da aka riga aka daka kayanta minti 20 ce. Ki tsara makon haka: farkonsa miyar da ke buƙatar sanyi, ƙarshensa ta busassun kaya.

Abincin rana kina iya dafa shi da safe ki zuba a kula, amma da sharaɗi. Ki fara zuba tafasasshen ruwa a kular na minti biyar, ki zubar, sannan ki juye abincin yana tururi, ki cika ta, kada a buɗe. Abincin da ya huce ya zauna a fili ba ya wuce awa biyu, a tsananin zafi awa ɗaya. Shinkafa ta fi kowa haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta zauna da ɗumi-ɗumi sai ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ta kashe gubar. Wani aman da ake cewa "abinci bai karɓe shi ba" daga nan yake. Wake a jiƙa shi da dare. In da hali a sayi tukunya mai matsi. Waken da ke cin fiye da awa ɗaya tana dafa shi cikin minti 20 zuwa 25, gas ma ya huta. Kada wake ya wuce rabin tukunyar saboda kumfa na toshe hancinta, kuma ba a buɗewa sai hucin ya sauka.

Safiya kuwa da dare ake yinta. Bayan isha'i kowane yaro ya jera kayan makarantarsa, jaka da takalmi a bakin ƙofa. Ɗumamen tuwo ko koko da aka tace gasararsa tun jiya ya ishi karin kumallo. Ɗan shekara shida yana iya tattara kwanuka, ɗan tara yana shara da wanke-wanke, ɗan sha biyu yana dafa taliya. Mun ce ɗa, ba mu ce 'ya kaɗai ba. Gidan da aka tara wa babbar 'ya komai ana barin yayyenta maza suna ƙwallo, ita ce ke fara ja baya a karatu, kuma ke malama kin fi mu ganin irinsu a aji.

Maigida kuma, "ba ka taimaka mini" ba ta haifar da komai sai musu. Ki nemi abu ɗaya mai suna: kai yara makaranta, ko cefanen Asabar da kai markaɗe, ko bitar karatun dare. In ana jin nauyi, Nana A'isha da aka tambaye ta abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Buhari ne ya ruwaito.

Tambaya: Matata ta kusa sauka, ni ma'aikacin tarayya ne. Da gaske ana ba maza hutu? — Wani ɗan'uwa, Abuja

Amsa: Da gaske ne. Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da shi a Satumban 2021: kwana 14 na aiki, sau ɗaya cikin shekara biyu, har zuwa 'ya'ya huɗu. Ka sanar da sashen mulki tun kafin haihuwar. Shawara ɗaya: kada duk ya ƙare a hidimar suna da karɓar 'yan barka. Mako na biyu, bayan jama'a sun watse, shi ne lokacin da mai jego ta fi buƙatar wanda zai kai manyan yara makaranta. Allah ya sauke ta lafiya.

Tambaya: Ina da shago a Kantin Kwari. Takwas da rabi nake fita, sai bayan isha'i nake shiga gida, don nakan tsaya majalisa. Mata biyu gare ni, gida daban-daban, 'ya'ya tara. Kwanan nan na ji babban ɗana an maimaita masa aji tun bara ban sani ba. Ban rage su da komai ba, ci da sha da kuɗin makaranta. Ina kuskuren? — Alhaji, Kano

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka sauke nauyin aljihu, saura na ido. Yi lissafi irin na kasuwa: gida biyu, kwana bibbiyu, kana shiga yara sun yi barci. Yaron da ke gidan da ba ka nan sai ya yi kwana uku bai sa ka a ido ba, ranar da ya gan ka kuma gaisuwa ce da karɓar kuɗin tara.

Lokacin da kake nema yana wuri biyu. Na farko tsakanin sallar asuba da fitarka, kusan awa uku da babu mai saye ko sayarwa. Ka karya da yaran, ka kai su makaranta da kanka ko sau biyu a mako. A mota ko a babur yaro yake faɗin abin da ba zai faɗa a falo ba. Na biyu majalisa. Ba mu ce ka bar ta ba, mun san a nan ake jin farashi da labarin wanda ya ci bashi ya gudu. Ka mayar da ita kwana uku a mako, sauran ka yi magariba a masallacin unguwa ka shiga gida.

Rabon kwana haƙƙin matan ne, kuma ga mai aikin rana dare ne asalinsa. 'Ya'ya ba a raba musu uba da kwana. Malamai sun halatta leƙa ɗaya gidan da rana saboda buƙata, ba tare da an zauna an daɗe ba. Ka sa minti 20 ko 30 kullum ka biya gidan da ba a nan kake ba, don yara, a lokaci sananne, kuma ka yi wa kowane gida haka. In ka yi wa ɗaya ka bar ɗaya, ka sayi rigimar da ta fi wadda ka kawo mana.

Abin da ke ɗaure 'yan kasuwa a shago daga safe har dare yawanci rashin rubutu ne. Wanda lissafinsa yake a kansa ba ya iya matsawa ko nan da can. A buɗe littafin kaya: dila nawa ta shigo, turmi nawa ya fita, wa ya karɓa bashi. Duk taransifa ta shiga asusun shago da alat ke zuwa wayarka, ba asusun yaron shago ba. A ƙirga kaya duk Asabar. In wannan ya zauna wata biyu, za ka iya bar wa babban yaronka shago yammaci ɗaya a mako ba tare da gabanka na faɗuwa ba.

Makaranta kuma zango uku ne a shekara. Sakamako uku ke nan ga kowane yaro, ka karɓa da hannunka. Ka riƙe lambar malamin aji, ba ta mai makarantar kaɗai ba. Shi babban, kada ka fara da duka. Yaron da ya ɓoye abu shekara guda, da sanin mahaifiyarsa ko babu, tsoro ne ya sa shi. Ka tafi da shi kasuwa ranar Asabar ya riƙe maka littafin nan, ka ga inda lissafinsa da karatunsa suka tsaya.

Tambaya: Ni nas ce, ina yin dutin dare. In na dawo da safe ba na samun barci, ga baƙi, ga yara, ga girki. Har na fara mantuwa a wurin aiki. — 'Yar'uwarku, Sakkwato

Amsa: Mantuwar nan ita ta fi damun mu, domin a hannunki allura da magani suke. Babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai cikin 24, kuma ba laifi a raba biyu: awa biyar da zarar kin dawo, lokacin yara na makaranta, sai awa biyu bayan la'asar kafin ki fita. Abin da ke ɓata tsarin shi ne "bari in ɗan share tsakar gida tukuna". Hasken rana yana gaya wa jiki gari ya waye, kowace awa da kika ƙara a tsaye barcin na ƙara gudu. Ki ci abu mara nauyi, ki watsa ruwa, ki kwanta. Labule mai kauri biyu, waya a kashe sauti in ban da lambar makarantar yara. Shayi ko kofi a farkon dutin, a daina daga misalin biyun dare, don ƙarfinsa yana kai awa shida a jiki.

Baƙi kuwa, kunya ce ke cutar ki. Da zarar jadawalin wata ya fito ki manna shi a ƙofar kicin, ki aika wa dangi na kusa. Wanda ya ga mace kwance da hantsi lalaci yake zato, sai an gaya masa ta kwana a tsaye kan marasa lafiya. Girkin makon duti a yi shi irin yadda muka faɗa wa Malama a sama. In kina tuƙi da kanki, safiyar da ido ke rufewa ki ajiye motar ki hau adaidaita.

Tambaya: An kawo mini yarinya 'yar shekara 11 daga ƙauye ta riƙa kula da jaririna in na tafi ofis, ana ba mai kawo ta kuɗin wata. Akwai matsala? — Hajiya, Bauci

Amsa: Akwai, Hajiya, har biyu. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta mayar da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi mai ɗauri, kuma dokar haƙƙin yara ta 2003 ta hana sa yaro aikatau a wajen gidansu. Ta biyu, 'yar shekara 11 ba ta san abin yi ba in jariri ya shaƙe, ko jikinsa ya yi zafi ya fara jijjiga, ko gas ya fara yoyo, kuma ita ma barci da wasa ke ɗaukar ta.

Ki nemi babbar mace, bazawara ko dattijuwa, wadda mai unguwa ko limami ya san gidansu. A yi magana a fili tun ranar farko: aikin me da me, ƙarfe nawa zuwa nawa, nawa ne albashi, wace rana ce hutu, kuma kuɗin a hannunta zai shiga. Ki sa ta fara mako ɗaya kafin ki bar mata yaron, kina gida kina gani. Ki rubuta lambarki da ta maigida da ta maƙwabciya ɗaya a jikin bango, ki bar mata waya mai kati da kuɗin adaidaita zuwa asibiti mafi kusa. Yarinyar kuma a mayar da ita hannun iyayenta kai tsaye, ba ta hannun mai kawo ta ba, don kada ta sauka gidanki ta faɗa wani gidan.